KAZA MAI KWANCI, DA YADDA ZA A RAGE BARAGURBI

Jama'a, ga kaka ta yi, hatsi ya shigo gida, kaji sun ƙoshi da kala a masussuka. Yanzu ne za ku ga sun dage da yin ƙwai, kafin a jima kuma su shiga kwanci ɗaya bayan ɗaya. Don haka na ga ya kamata mu yi maganar kwanci a wannan mako, tun ba a makara ba. Maigida, in ka karanta, don Allah ka karanta wa uwargida, gama a yawancin gidaje kajin nata ne, ita ce kuwa ta san inda kowace ke yin ƙwai.

Ga yadda muka saba. Kaza ta kan nemi lungu da kanta, ko gindin rumbu, ko bayan randa, ko ƙarƙashin gado, ta yi ta zuba ƙwai ba wanda ya ƙirga. Wata kazar ta zo ta ƙara nata a kai. Ran da ta ga dama sai ta kwanta. Bayan mako 3 a ga ta fito da 'yan tsaki 6 ko 7, ta bar ƙwai 8 ko 9 a gurbi. Sai a kwashe a kai juji, a ce baragurbi ne, ba rabo. To, rabo na Allah ne, ba mai musun wannan. Amma in ka bi sawun abin, sai ka tarar yawancin baragurbi ba kaza ke yinsa ba, mai kaza ne, tun kuwa kafin kazar ta kwanta ya yi shi. Dubi hasarar. Ƙwan nan 9 ba a ci ba, ba a sayar ba, ba su kuma zama kaji ba. Kazar gida kuwa ba kullum ta ke ƙwai ba kamar ta gidan gona. Sau 3 ko 4 ta kan yi a shekara, kowane karo 10 zuwa 15. Wanda ya ɓata kwanci ɗaya ya ɓata wa kazarsa wata 3 ko 4 ke nan a banza.

Da fari a tabbata kwancin na gaske ne. Mai kwanci ba ta ɓoyuwa. Ta kan lafe cikin gurbi ta baje jiki, dare ya yi ba ta hau inda ta saba kwana ba. In ka miƙa hannu sai ta tada gashi ta kumbura, ta yi maka gurnani, ta kai sara. Shafa ƙirjinta, za ka ji gashin wurin ya zube, sai fata mai ɗumi. Wannan ba ciwo ba ne, don ɗumin jikinta ya taɓa ƙwai ne ba shamaki. Zafin jikin kaza wajen digiri 41 ne, watau abin da ga mutum zazzaɓi ne mai tsanani, ƙwai kuwa a ƙarƙashinta ya kan zauna wajen digiri 37 da rabi zuwa 38. Ɗumin nan shi masu injin ƙyanƙyasa ke wahalar tsayarwa da lantarki ko kananzir. Kaza kuwa ta ba ka shi kyauta, ba ruwanta da ɗauke wuta.

Sai dai akwai mai kwancin ƙarya, tun ba sagara wadda ba ta taɓa yi ba. Ta kwanta kwana 4 ko 5, ta tashi ta yi tafiyarta, ƙwai su huce. Saboda haka kada ka ba ta ƙwan kirki nan da nan. Sa mata dafaffen ƙwai 2 ko 3 da ka yi wa alama, ka bar ta kwana 2. In ta riƙe su dare da rana, to, ta isa a ba ta amana. Wadda ta fi kuwa ita ce tsohuwar hannu, wadda ta taɓa ƙyanƙyasa ta kuma yi reno sosai. Irin wannan kaza, ko wane irin baƙo aka yi, a nemi wata a yanka. Kajin gidan gona masu yawan ƙwai, kamar Shika Brown da aka fitar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, don ƙwai aka zaɓe su, da wuya su yi kwanci. Mai irinsu, in yana son 'ya'yansu, sai ya haɗa su da zakara, ya ba kazar gida ƙwan.

Yanzu sai babbar magana, watau ƙwan da za a sa mata.

Ƙwan da ba zakara ba ya ƙyanƙyasa, ko kaza ta shekara a kansa. Ƙwan kiret da a ke saya a kasuwa yawanci haka ya ke, gama kajin da suka yi shi ba su taɓa ganin zakara ba. Zakara 1 mai ƙarfi ya ishi kaji 8 zuwa 10. In ya bi kaza, ƙwanta ya kan zo da rai har kwana 10 ko mako 2 bayan nan, daga nan sai ya ƙare. Don haka in an yanka zakaran gida da salla ko suna, a lura da wannan ƙidaya. Kada kuma a bar zakara guda ya yi ta bin 'ya'yansa da jikokinsa shekara da shekaru. Iri ya kan raunana, 'yan tsaki su riƙa mutuwa a cikin ɓawo. A yi musanya da na wata unguwa, amma a keɓe baƙon mako 2 tukuna, kada ya shigo da ciwo.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, ƙwai mai zakara abu ne mai rai tun ran da aka yi shi. In ka fasa ɗanye za ka ga wani ɗan farin ɗigo bisa gwaiduwa. To, ɗan tsakon ke nan. In wuri da sanyi-sanyi sai ya yi barci, ya jira uwa. In kuwa ɗumin wurin ya wuce kamar digiri 25, sai ya farka ya soma girma, ga shi ɗumin bai isa ya raya shi sosai ba, sai ya raunana ko ya mutu. Yanzu ka tuna da ɗakin kwano da rana tsaka, balle da bazara. Ƙwan da kaza ta yi da fari ya yi mako 2 ko fi a gurbi kafin ta kwanta. Kullum in ta zo yin wani ta ɗumama shi, in ta tashi ya huce, rana ta gasa shi, dare ya sanyaya shi. Ran da ta kwanta da gaske, ai gawa ta kwanta a kai. Ka ji uban baragurbi.

Maganinsa ba wuya. A riƙa kwashe ƙwai kullum, a bar mata 1 ko 2 masu alama don kada ta sake wuri. Kowanne a rubuta masa ranarsa da fensir ko gawayi. A ajiye su a wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan, ɗakin ƙasa ko na ciyawa, kusa da randa, cikin kasko da busasshen ƙaiƙayi ko buntu, tsinin ƙwan yana ƙasa, mai faɗin yana sama. Wanda ya ke da tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin wadda Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har aka ba shi kyautar Rolex a 2000, ya sami ma'ajin ƙwai mai kyau, muddin ruwa bai taɓa ƙwan ba. Firiji kam a'a, sanyinsa ya yi yawa. Kada ƙwan ƙyanƙyasa ya wuce kwana 7 a ajiye, da bazara ma 4 ko 5 sun isa. Wanda ya wuce haka a soya wa yara ko a sayar. Nan kam karin maganar nan ta faɗi daidai, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Na san uwargida za ta ce, to malam, kaza ɗaya ai ba ta yin ƙwai 10 cikin mako guda, ina zan sami cikon? A cika da sababbin ƙwan sauran kaji, ko a yi musanya da maƙwabciya mai lafiyayyun kaji. Kaza ba ta san ƙwanta ba, duk abin da aka sa mata kwanciya za ta yi. Ga kuma wata riba: kazar da a ke kwashe wa ƙwai ta kan ƙara yawan abin da za ta yi kafin kwanci ya kama ta.

A zaɓi matsakaita. Banda ƙato mai gwaiduwa biyu, banda ɗan mitsitsi, da mai tsaguwa ko da kamar gashi ce, da mai ɓawo sakayau. Kada a wanke shi. Ɓawon ƙwai yana da ƙofofi dubbai waɗanda ido ba ya gani, ta nan ɗan tsako ke numfashi, kaza kuwa ta kan shafe su da wani ɗan ruwa sa'ad da ta ke yin ƙwan, ya bushe ya tare ƙazanta. In ka wanke ka cire wannan, ka kuma tura dauɗa ciki. Mai ɗan kashi kaɗan a goge da busasshen tsumma, mai yawa a bar shi. Hannun da ya taɓa man gyaɗa ko kananzir kada ya taɓa ƙwan, gama mai ya kan toshe ƙofofin nan. Al'adar nan ta kai ƙwai kunne a girgiza don a ji ko ya lalace, a bar wa mai sayen ƙwan ci.

In an gama zaɓe, sai a sa mata su duka dare ɗaya. Wannan ita ce dokar da ta fi kowace. Ɗan tsako kwana 21 ya ke yi, ba daga ran da aka yi ƙwan a ke ƙirgawa ba, daga ran da ɗumin uwa ya kama shi. Ƙwan da aka ƙara bayan kwana 4, bayan kwana 4 zai fito. Uwa kuwa ba za ta jira shi ba. In na fari sun fito sun bushe, kwana 1 ko 2 ta kan ƙara, sa'an nan ta tashi da su neman abinci. Duk wanda ya taɓa fasa baragurbi ya ga ɗan tsako cikakke da gashinsa a ciki, ya ga irin wannan. Ba lalacewa ya yi ba, makara ya yi. Saboda haka a zagaye kowane ƙwai da zanen fensir ko gawayi, yadda ko ta ina ya juya za a gani. Kullum in ta fita cin abinci a leƙa, duk wanda ba zane baƙo ne, a ɗauke.

Nawa za a sa? Kazarmu ta gida ƙarama ce, 8 zuwa 10 sun ishe ta, babba ƙwarai 12. Da hunturu a rage 2. In ta zauna ka hango ƙwai na leƙowa ta gefe, sun yi yawa. Mai haɗama ya kan ce, bari in sa 18, in 6 sun lalace ai 12 za su fito. Ba haka lissafin ya ke ba. Kaza tana juya ƙwanta da baki da ƙafa sau da yawa dare da rana, na gefe ta jawo shi tsaka, na tsaka ya koma gefe. Watau ba ƙwai 6 ne za su sha sanyi ba, dukansu ne za su sha, bi da bi. Sai ka ga mai 18 ya tashi da 5, mai 10 ya tashi da 8 ko 9.

Wurin kwanci ya zama keɓaɓɓe, mai ɗan duhu, mai iska, inda sauran kaji ba su shiga, yara ba su wasa. Ƙarƙashin gado dai ban yarda da shi ba. Ƙwarin kaza su kan hau mutane, tun kuma da murar tsuntsaye ta shigo Nijeriya a 2006 likitoci ke hana kwana ɗaki ɗaya da kaji. Babban kasko ya yi, ko gindin fasasshiyar tukunya, ko kwando, mai faɗin kamar inci 15. A zuba ƙasa kaurin yatsa 3, a ɗan rarake tsakiya kamar faranti, a barbaɗa toka, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai laushi. Kada ramin ya yi zurfi ƙwai su hau juna su fashe, kada kuma ya baje su gangare. In za a ɗauke ta daga inda ta zaɓa, da dare a ke yi, a kife ta da kwando wuni guda har ta saba. Kowane dare kuma a rufe ta da abu mai nauyi wanda iska ke shiga, saboda gafiya da muzuru da tunku da maciji. A zagaye wurin da toka don kwarkwasa.

Ƙasar nan da na ce a zuba tana da dalili. Cikin mako 3 ɗin nan ƙwai ya kan rage nauyi kamar kashi 1 cikin 8, ruwan ciki na fita ta ƙofofin ɓawo, gurbin iskar da ke wajen mai faɗi yana ƙaruwa. Haka a ke so. Amma da hunturu iska ta bushe ƙwarai, ruwan ya kan fita ya wuce kima, tantanin ciki ya yi tauri ya manne wa ɗan tsako, ya huda ɓawo ya kasa juyawa. Don haka da rani gurbi ya zauna a ƙasa, a makon ƙarshe kuma a riƙa yayyafa ruwa kaɗan a ƙasar da ke kewaye da shi, ba bisa ƙwan ba. Da damina kuwa akasin haka ne, a ɗaga shi bisa duwatsu kada ruwa ya kwanta.

Abin da ya fi korar kaza daga kan ƙwai ba yunwa ba ne, ƙwari ne. Ƙuma da ƙwarƙwata suna son mai kwanci, gama ga jini ga ɗumi, ba ta kuwa motsawa. Akwai kuma waɗansu 'yan mitsi-mitsi da ke ɓuya a tsagar bango da rana, su fito da dare su sha jininta. Za ka ga zankonta ya yi fari, tana ta susa, tana tsayawa bisa ƙwan maimakon ta kwanta, ran nan sai ta gudu. Wata ma a tarar da ita ta mutu a gurbi. Tun kafin a sa mata ƙwai a buɗe fiffikenta da gindin wutsiyarta a duba. Tsohuwar shimfiɗa a ƙone ta, kada a taɓa maimaitawa. A ajiye mata toka gauraye da yashi kusa, ta yi birgima in ta fito. Busasshen ganyen darbejiya cikin shimfiɗa yana taimako kaɗan. In sun yi yawa a je wurin malamin dabbobi ya ba da hodar da aka yi don kaji. Fiya-fiya da maganin feshin gona da kananzir, kada ko kusa. Su kan kashe ƙwarin, su kashe abin da ke cikin ƙwan, wani lokaci har da uwar.

Sau ɗaya a wuni ta kan sauka, ta ci, ta sha, ta yi kashi, ta yi birgima, ta koma. Minti 15 zuwa 30 ne, da zafi har awa guda. Kada a kore ta ta koma, wannan 'yar hucewa ba ta cutar ƙwai. A ajiye mata dawa ko gero ko masara da ruwa mai tsabta, taki kaɗan daga gurbin, don ta tashi ta ɓata waje. Kashin mai kwanci tuli ne mai wari, kada wannan ya tsorata kowa. Wadda ta ƙi sauka kwana 2 a ɗauke ta a hankali, a laluba ƙarƙashin fiffike tukuna, don ta kan maƙale ƙwai a nan. In wani ya fashe a sake shimfiɗa nan da nan, a goge waɗanda suka ɓaci da tsumma mai ɗumi.

Ƙidayar kwana kuwa ba sai da kalanda ba. Kwana 21 mako 3 ne cif. In daren kasuwar garinku aka sa, a kasuwa ta uku za a soma jin kuka.

Ran kwana 7 sai a haska. Wannan ɗan aiki kaɗan ne ke yinsa, shi ne kuwa ke nuna maka abin da ka ke da shi. Da dare ko cikin ɗaki mai duhu, a naɗe takarda mai kauri kamar bututu a bakin tocila, ko fitilar wayar hannu, a ɗora wajen mai faɗin ƙwan a kai. Mai rai za ka ga jajayen jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo, da baƙin ɗigo a tsaka, wani lokaci har ya motsa. Wanda ya yi garau kamar sabo, ba zakara. Mai jan zobe kewaye, ya soma ya mutu. A cire waɗannan biyun. Ran kwana 14 a sake, mai rai ya yi duhu sai gurbin iska kaɗai ke haske. A yi da sauri, 2 ko 3 a lokaci guda, a mayar. Amfanin cirewa, ruɓaɓɓen ƙwai ya kan fashe ya ɓata sauran, ragowar kuma sun fi samun ɗumi. In ka ga fiye da rabi sun yi garau, laifin zakara ne, ka kuwa sani tun yau ba sai bayan mako 2 ba.

Mai kaji da yawa, ga dabara. A kwantar da 2 ko 3 dare ɗaya. In an haska an fid da marasa rai, sai a haɗa masu ran ƙarƙashin 2, ta ukun a ba ta sababbi. Sai dai sau ɗaya a ke yi mata haka, gama kwanci na cin jikin kaza.

Daga kwana 18 a ɗauke hannu. A kwana na 19 da na 20 ɗan tsako ke jawo sauran gwaiduwa cikin cikinsa ta cibiya, ya huda tantani ya sa baki cikin gurbin iska. A nan ne za ka ji kuka alhali ƙwai bai fashe ba. Daga huda ɓawo zuwa fitowa ya kan ɗauki rabin wuni, wani har kwana guda, yana yi yana hutawa. Nan ne tausayi ke yin kisa. Uwargida ta ga baki ya leƙo tun safe, ta sa farce ta ɓare masa, sai jini, ga cibiya ba ta rufe ba. A bar shi. Kada kuma a riƙa ɗaga uwar don a ƙirga, damshin da ke ƙarƙashinta shi ke hana tantani bushewa. Ba gaggawar abinci, gwaiduwar nan da ya haɗiye ta ishe shi kwana 2. Abin da bai fito ba ran kwana 23 ba zai fito ba. A kai bayan gida a fasa a duba kafin a binne. In ba kome ciki, zakara ne ko tsufan ƙwai. In ɗan ƙarami ne ya mutu, zafin ajiya ne ko sanyi ya kama shi tun da wuri. In cikakke ne, ko bushewa, ko makara, ko uwa ta daɗe a waje.

Masu sa wa kaza ƙwan zabi da damina, dokar ɗaya ce, kwanakin ne suka bambanta. Na zabi 26 zuwa 28 ne, na talo-talo 28, na agwagwarmu ta gida 35. In lalle sai an gauraya na zabi da na kaza, na zabi su riga da mako guda. Ni dai na fi son kowanne da uwarsa. Ɓawon ƙwan zabi yana da kauri, sai kwana 10 a ke haska shi.

Fitowa ba ita ce ƙarshen aiki ba, a gidaje da yawa rabin 'yan tsaki ba su kai wata 2. Shirwa ta ɗauka, raɓa ta jiƙa, wani ya faɗa kwata, wani uwa ta gajiyar da shi da yawo. A kife uwa da 'ya'ya da babban kwando ko keji mako 4 zuwa 6, a riƙa gusar da shi kullum zuwa wuri mai tsabta, inuwa da rana, ɗaki da dare. Ruwa a murfi marar zurfi da tsakuwa a ciki, kada su nutse. Abinci kuwa tsakin gero ko na masara mai laushi, da garin tunkuza marar gishiri, da yankakken zogale, da gara in an samu. Mai hali ya sayi abincin 'yan tsaki na buhu ko na mako 2 na fari. Tunkuza ko dusar da ta yi hunhuna a zubar. Gubar hunhunar gyaɗa ce ta kashe 'yan talo-talo fiye da 100,000 a Ingila a 1960, daga nan ne ma masana suka gano ta.

Ga hunturu na tafe, shi ne lokacin annobar nan da ke share kaji gida-gida, wadda likitoci ke kira Niyukasil, waɗansu ke ce mata fakat. Ba ta da magani in ta kama, sai riga-kafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin maganin riga-kafinta, har da irin da ya fi jure zafi, wanda a ke ɗigawa a ido, manya da ƙanana, kowane wata 3 ko 4. A nemi malamin dabbobi a yi wa kaji tun kafin su kwanta, gama uwa ta kan sa wa ɗanta kariya ta cikin gwaiduwa, ta riƙe shi makonnin fari kafin a yi masa nasa. Kwalba ɗaya ta kaji da yawa ce, sai unguwa ta haɗa kai a yi rana ɗaya.

Saura wadda ta yi kwanci ba a kuwa bukatar ta yi, ko don ba zakara, ko don a ke son ƙwan ci. In an ƙyale ta za ta zauna bisa gurbi wofi makonni, ta rame, ba ƙwai. Waɗansu su kan tsoma ta a ruwa, waɗansu su soka mata gashi a hanci, waɗansu su ɗaure mata ƙafa a rana. Duk azaba ce, kazar kuma ta kan daɗe ba ta murmure ba. Abin da ke riƙe kwanci shi ne duhu, da laushin gurbi, da ɗumin da ke ƙirjinta. A raba ta da su. A sa ta cikin keji mai gindin raga ko na kara, a ɗaga shi bisa duwatsu yadda iska za ta bi ta ƙarƙashinta, a wuri mai haske da inuwa inda ta ke ganin sauran kaji, ba shimfiɗa, da abinci da ruwa isasshe. Kwana 3 ko 4 sai a sake ta. In ta nufi gurbi a mayar da ita kwana 2. Wadda aka kama tun ranar fari ta fi saurin saki, bayan mako 1 ko 2 sai a ji ta soma kyarkyara.